Saniya 60, akuya 60, ɓauna 52: wa ya fi kusa da wa?

Ɗan Alkaleri ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandaren gwamnati a jihar Bauchi, kuma akwai tambayar da ta tsaya mini a rai yau kwana goma ke nan.

Ƙarshen zangon da ya wuce na kai 'yan aji biyar Yankari. Da la'asar sakaliya muna cikin mota a gefen kogin Gaji, sai ga garken ɓauna sun sauko shan ruwa. Can nesa kaɗan kuma gwanki uku a tsaye, sun miƙe dogayen kunnuwan nan nasu suna kallonmu. Wata ɗalibata da ta tashi a ruga ta daɗe tana kallon ɓaunan, sannan ta ce, "Malam, waɗannan ai shanu ne. Dubi kofatonsu, dubi yadda suke tuƙa, har yadda uwar ke lasar ɗanta irin na shanunmu ne." Na ce mata 'yan uwa ne na kusa. Ta ce to gwanki fa? Na ce shi ma dangi ne, amma na nesa. Ta ce da me aka gane na kusa da na nesa? Na yi mata alkawarin zan kawo hujja idan an koma makaranta.

Da na dawo gida na ce bari in nemo adadin kuromosom na kowace dabba, tunda muna koya musu cewa a cikinsa ne gado yake, kuma mutum yana da 46. A zatona lambobin za su jeru daidai da zumuncin. Ga abin da na samo: saniya 60, akuya 60, gwanki 60, gada 60. Tunkiya 54. Ɓaunar Afirka ta fili 52, ta kurmi 54. Ɓaunar ruwa ta Asiya, wadda ake tatsa a Indiya da Masar, 50. Kanki 40. Mazo kuma namiji 33, mace 34.

Nan kaina ya ɗaure. In da lamba ake bi, saniya ta fi kusa da akuya da gwanki a kan ɓauna. Tunkiya da akuya da suke kwana a turke ɗaya, waɗanda wani lokaci sai ka duba wutsiya kafin ka bambance su, su kuma sun rabu da har 6. Kuma ta yaya namiji da mace na dabba ɗaya za su bambanta a lissafi? Kawuna tsohon maharbi ne, ya sha gaya mini cewa in ka feɗe ɓauna ba abin da za ka gani a cikinta da babu a cikin sa. Ban yarda idonsa da idon yarinyar nan sun yi kuskure ba, amma ba na son in shiga aji da "haka aka ce". Wanda ya san abin don Allah ya warware mini. Ranar Litinin ta sama za mu koma.

Sadauki77 ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Ni dai abin da na sani shi ne na doki da jaki. Doki 64, jaki 62, alfadari ya fito da 63, shi ya sa ba ya haihuwa, lambar ba ta rabuwa biyu. Don haka ina ganin duk dabbobin da lambarsu ta zo ɗaya su ne 'yan uwa na kusa, za su iya haihuwa da juna, waɗanda ta saɓa kuwa ba za su iya ba. Ƙila kamannin ɓauna da saniya kama ce kawai ta ido. Ka san an ce kama da wane ba ta wane.

Anti Rabi ta rubuta:

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da alheri a kan yaran nan. Ka gaya wa ɗalibarka idonta bai yaudare ta ba. Ɓauna ta fi akuya kusa da saniya nesa ba kusa ba. Sadauki ƙanena, karin maganarka daidai ne, amma a kan lambar ya kamata ka ɗora shi. Lambar ce kama da wane. Da a ce 60 da 60 na nufin za a haihu, da tuni bunsuru ya ba saniya ciki.

Na shafe kusan shekara biyu ina ƙirga kuromosom na shanu da tumaki lokacin karatun digirina na biyu, bari in fara da abin da ido ke gani, don a nan amsar take. Jini ake ɗiba daga jijiyar wuya, a kwalbar nan mai koren murfi da ke hana shi daskarewa. A ɗiga kaɗan a ruwan reno, a ajiye a na'urar ɗumi kwana 3, fararen ƙwayoyin jini su yi ta rabuwa. Sai a sa maganin da ke tsayar da su a tsakiyar rabuwa, lokacin da zaren gadon ya dunƙule ya yi kauri. A jiƙa su a ruwan gishiri mai rauni su kumbura, a wanke da wani haɗi mai warin tsami da ke bin tufafinki har gida, sannan a ɗigo ruwan daga sama a kan gilashi mai sanyi don ƙwayar ta fashe abin cikinta ya watse. A rina, a busar, a sa a maikuroskop. Sau biyu wuta ta ɗauke a dare na biyu, janareta bai tashi ba, na zo da safe na tarar komai ya mutu. Sai komawa ruga a sake roƙon mai shanu ya bari a taɓa masa dabba, kuma wanda ya san Bafulatani da saniyarsa ya san wannan ba ƙaramin roƙo ba ne.

Ranar da na fara samun gilashi mai kyau na saniya, abin da na gani shi ne 'yan sanduna shuɗɗa-shuɗɗa a warwatse, kowanne kamar tsinken da aka lanƙwasa biyu, ƙullinsa a can ƙarshe. Kowane kuromosom yana da wani matsattsen wuri kamar ƙulli, a nan ake kama shi a ja lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu. A saniya, 58 daga cikin 60 ɗin ƙullinsu a bakin ƙarshe yake, wato hannu ɗaya gare su. Sauran biyun su ne na jinsi, X da X a mace, X da Y a namiji. Akuya ma haka, 58 masu hannu ɗaya.

Da na sa gilashin tunkiya sai ga wasu manya guda 6 sun fita daban, ƙullinsu a tsakiya, hannu biyu-biyu. Malam, ɗauki alli ka yi lissafin nan a allo. Tunkiya 54, cire na jinsi 2, saura 52. A ciki 6 masu hannu biyu, hannu 12 ke nan. Sauran 46 masu hannu ɗaya. 12 da 46, 58. Daidai da akuya. Ɗauki ɓaunar ruwa mai 50: cire 2, saura 48, masu hannu biyu 10, hannu 20, a tara da 38, 58. Ɓaunar Afirka mai 52: masu hannu biyu 8, hannu 16, da 42, 58 dai. In ka bar ƙirga kai ka koma ƙirga hannu, za ka ga mafi yawan dangin nan masu ƙaho, kusan iri 140 daga saniya har gada, suna zagaye da 58.

Abin da ya faru shi ne kuromosom biyu masu ƙulli a ƙarshe sun manne ta wajen ƙullin sun zama ɗaya. Kamar manomin da ya girbe dami 60, ya ɗaure wasu biyu-biyu da igiya ɗaya. Mai ƙirga dami zai ce 54 ne, mai sussuka zai sami hatsin 60 cif. Ana kiran wannan haɗewar Robatson, da sunan wani Ba'amurke da ya fara bayyana ta a 1916, kuma a jikin fara ya gan ta, ba a dabba ba. Masana sun tafi a kan cewa kakan dangin gaba ɗaya, wanda ya rayu wajen shekaru miliyan 20 da suka wuce, 60 ne gare shi. Saniya da akuya da gwanki da gada ba su yi tarayya a wani sabon abu ba, tsohon tsari ne kowa ya riƙe bai taɓa ba. Mutum biyu da suka gaji gidan ƙasa ba su sa masa siminti ba, wannan bai sa sun zama 'yan ɗaki ɗaya ba.

Wurin da ake gane zumunci shi ne wa ya manne da wa. Akwai rinin da ke fitar da zane-zane a jikin kowane kuromosom, ratsin duhu da na haske kamar saƙi, kuma zanen na 1 na saniya shi ne zanen na 1 na akuya, har ka iya jera su gefe da gefe ka ba su lamba ɗaya. Da wannan aka gano cewa a tunkiya na 1 ya manne da na 3, na 2 da na 8, na 5 da na 11. A ɓaunar ruwa na 1 da na 27 ya manne. A ɓaunar Afirka da na 13. Ka ga tunkiya da ɓaunar kurmi duk 54 ne, amma kowa hanyarsa daban ya bi ya iso. Har ɓaunar Afirka da ta Asiya ba su da haɗi ko ɗaya da suka yi tarayya a kai, alamar kowace ta yi nata ne bayan sun rabu.

Game da alfadari, Sadauki, lamba marar rabuwa biyu ba ita kaɗai ce matsalar ba. Ɓaunar kogi mai 50 da ɓaunar fadama ta ƙasashen Tailan da Filifin mai 48 suna haifar 'ya'ya masu 49, kuma 'ya'yan suna haihuwa. A ɗaya gefen, saniya da yak, san nan mai gashi na tsaunukan Tibet, duk 60 ne, amma ɗansu namiji ba ya haihuwa, macen ce kawai ke yi. Kuromosom na doki da na jaki sun sha juye-juye da yawa a cikinsu, har ba sa iya jeruwa da juna lokacin yin maniyyi ko ƙwai. Tunkiya da akuya kuwa yawanci cikin zubewa yake yi, sai jefi-jefi. An ba da rahoton wani a Botsuwana a 2000, uwarsa akuya ubansa rago, yana da 57, ya girma da ƙarfinsa amma bai haihu ba.

Ɗan Alkaleri ya rubuta:

Allahu Akbar. Anti, na yi lissafin a bayan takardar jarrabawa har sau uku, 58 yake ba ni. Misalin damin nan shi zan kai aji, duk 'ya'yan manoma ne. Allah ya ƙara sani.

Saura biyu. Mazo fa, da namiji ke da 33 mace 34? Kuma in lamba ba ta nuna zumunci, to a cikin namun dajin da muka gani a Yankari wanne ne ya fi kusa da saniya bayan ɓauna? Ni da na ɗauka gwanki ne, saboda girmansa da ƙirarsa.

Anti Rabi ta rubuta:

Mazo ne, Malam. Na san abin zai ba ka mamaki, ni ma ya ba ni. Wannan ɗan siririn mai ɗige-ɗigen fari da ke laɓewa a kurmin bakin rafi, shi ne ɗan ɗakin su saniya. Gwanki da kanki kuwa sun fi kusa da tumaki da awaki.

Dangin tun farko gida biyu ya rabu. Gida ɗaya: shanu, ɓauna, yak, baisin na Amurka, sai masu murɗaɗɗen ƙaho irin su mazo da kudu da ilan, sai nilgai ta Indiya. Ɗaya gidan: barewa, gada, gwanki, kanki, gwambaza, tumaki da awaki. Kalmar "antelope" da Turawa ke tara namun dajin nan da ita a kwando ɗaya ba sunan dangi ba ce, duk mai ƙahon da ba saniya ba, ba tunkiya ba, ba akuya ba, a nan suke jefa shi. Hausa ta fi gaskiya a wannan wurin, kowa da sunansa.

Binciken DNA ne ya tabbatar da rabuwar, amma a kuromosom ma akwai shaida. Akwai wani ɗan guntu da yake jikin na 9 a saniya da 'yan gidanta, a akuya da 'yan gidanta kuma yana jikin na 14. Ƙaramin abu ne, sai da rini mai kyau ake ganinsa, amma ya fi duk lissafin 60 da 54 amfani, domin irin wannan sauyi ba ya yawan maimaituwa. Haɗewar ƙulli da ƙulli kuwa kullum faruwa take, shi ya sa ba a dogara da ita kaɗai.

Batun 33 da 34. A mazo da 'yan uwansa masu murɗaɗɗen ƙaho, Y ne da kansa ya manne da kuromosom na 13. Mace ba ta da Y, don haka tana da X biyu da na 13 biyu, guda huɗu ke nan. Namiji yana da X, da Y mai goye da na 13, da ɗayan na 13 shi kaɗai, guda uku. Shi ya sa ya gaza ta da ɗaya. Ilan da babban kudu ma haka suke, namiji 31 mace 32. Wannan goyon shi ne tambarin gidansu: ya faru sau ɗaya a wajen kakansu, duk suka gada. Irin wannan ce shaidar da ya kamata ka nuna wa yarinyar, sabon abu da aka yi tarayya a kai.

In kana son ka ga iyakar inda mannewa ke kaiwa, akwai wata ƙaramar dabba a Indiya da kudu maso gabashin Asiya, muntjak, daga dangin masu zubar da ƙaho, ba wannan dangin namu ba. Macen kuromosom 6 gare ta, namijin 7. 'Yar uwarta ta Sin tana da 46, kuma a ido da kyar ka bambance su.

Baba Mai Bokolo ya rubuta:

Salamu alaikum. Ɗana ne ya karanta mini wannan hira a waya, shi yake rubuta mini. Shekarata sama da arba'in ina kiwo, bokolo da bunaji, daga baya na fara sa wa wasu maniyyin shanun Turawa saboda nono. Hajiya, Allah ya yi miki albarka, tambayata ta kiwo ce ba ta boko ba.

Na taɓa sayen wani bijimi ruwa biyu, kyakkyawa, lafiyayye, ba ya ƙin aiki. Amma shanun da ya hau da yawa sai ka ga bayan sati uku ko fiye sun dawo neman sa. Ba ɓari ba ne da za ka gani a ƙasa, kawai cikin bai zauna ba. An yi allura, an ba da maganin tsutsa, an canza abinci, har na haƙura na kai shi kara. Wannan mannewa da kike faɗa tana faruwa a shanun gida yanzu, ko sai a zamanin da? Na biyu, mu mun sani tun iyaye cewa in saniya ta haifi tagwaye mace da namiji, macen juya ce. Shi ma daga nan ne?

Anti Rabi ta rubuta:

Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya ya albarkaci garke. Tana faruwa yanzu, a cikin shanun da ake tatsa.

A 1964 wani masani ɗan Suwidin mai suna Gustabson da abokin aikinsa suka tarar da shanu a ƙasarsu masu 59. Na 1, wanda ya fi kowanne girma, ya manne da na 29, ɗan ƙaramin. Dabbar lafiyarta ƙalau, ba abin da ya ɓata a jikinta, dami biyu ne a igiya ɗaya. Matsalar sai wajen rabon gado. Lokacin yin maniyyi kowane kuromosom yana neman abokinsa su jeru, ɗaya ya tafi nan ɗaya can. A irin wannan sa abu uku ne ke jeruwa a wurin, manannen da na 1 da na 29. Yawanci rabon yana tafiya daidai. Wani lokaci kuma wani maniyyin ya tafi da ƙari, wani da ragi, ɗan tayin da aka samu da shi ya mutu tun yana 'yan kwanaki, saniya ta dawo neman sa kamar yadda ka bayyana. Daga baya an sami wannan haɗi a irin shanu sama da 50 a duniya, kuma ƙasashe da dama suka fara gwada jinin duk san da za a ɗebi maniyyinsa a raba wa jama'a, domin sa ɗaya na iya zama uban dubbai.

Amma Baba kar in ɗora wa bijiminka laifin da ba a gwada ba. Ragin haihuwar da wannan ke kawowa kaɗan ne, sai a babban lissafi yake fitowa sosai. In dawowar ta yi yawa kamar yadda ka faɗa, cututtukan da sa ke ɗauka daga saniya zuwa saniya, da zafin rana da ke lalata maniyyin shanu masu jinin Turai, su ne abin fara dubawa.

Tagwaye kuwa iyayenmu sun yi gaskiya, wajen tara cikin goma juya ce, amma dalilin daban ne. Jijiyoyin mabiyiyar tagwayen suna haɗuwa, jininsu ya gauraya, sinadaran namijin su hana mahaifar macen girma. In aka duba jinin karsanar za a ga wasu ƙwayoyin XX wasu XY. Da wannan gwajin ake gane ta tun tana maraƙa.

Kuma tunda kana da masu tozo da ruwa biyu, ga wani abu da ya shafe ka. Shanu masu tozo da marasa tozo duk 60 ne, suna haihuwa da juna ba matsala, amma Y ɗinsu daban. Na marasa tozo, irin muturu da ndama da shanun Turai, ƙullinsa wajen tsakiya yake. Na masu tozo a ƙarshe yake. Gadon da ake samu ta wajen uwa kaɗai kuma, a shanun Afirka har masu tozon, na marasa tozo ne. Ma'ana shanun farko na nahiyar nan ba su da tozo, bijimai masu tozo ne aka shigo da su daga Asiya ta gabashin Afirka suka yi ta hawan na gida. Bokolonka uwarsa ta asali 'yar ƙasa ce, ubansa baƙo.

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Gaisuwa gare ku daga Nijar. Na yi aikin sa kai da masu kula da namun daji a arewacinmu, ina son in ƙara abu guda a kan barewa, tunda ba a taɓo ta sosai ba, kuma a wajenta abin ya fi rikicewa.

Abin da Hajiya ta faɗa na mazo, a barewa juyinsa ne. X ne ya manne da na 5, don haka a wasu ire-irensu namiji ne ke fin mace da ɗaya. Ƙaramar barewar hamada da ake ce wa dorkas, mace 30 namiji 31. Barewa mai jan goshi ta yankin Sahel kuwa 58 ce. Ku duba, duk barewa muke ce musu, tsakaninsu kusan ninki biyu. Mena, babbar nan mai dogon wuya fara da ja, ita a cikin irinta ma lambar ba ɗaya ba ce, daga 38 zuwa 40.

Wannan na ƙarshe shi ne ya dame ni. Mena ta kusa ƙarewa a daji, 'yan kaɗan suka rage a duwatsun Tarmit da Ayar da wasu wurare a Cadi. Sau ɗaya na gan ta da idona, da sassafe, guda biyu a gindin dutse, kafin in ɗaga madubin hangen nesa sun haye. Direbanmu dattijo ne Batube, ya ce yana yaro garke-garke ake gani. In dabba ta ragu haka, dole a haɗa waɗanda ke gidajen ajiyar dabbobi na ƙasashen waje su hayayyafa, kuma a nan sanin kuromosom ke da amfani. In ɗaya tana ɗauke da na 1 manne da wani, ɗayan kuma nasa na 1 manne da wani daban, 'ya'yansu za su fito lafiya amma rabon gado ya sarƙe musu, a yi ta kiwo ba ƙaruwa. Barewar Somaliya da Habasha, 'yar uwar mena, an tarar lambarta tana kaiwa daga 34 zuwa 39 a gidajen dabbobin Amurka, kuma ana zargin hakan na cikin abin da ya hana ta yawaita a can.

Ana iya yin nasara in an yi da ilimi. Farar dabbar nan mai dogon ƙaho kamar takobi, 'yar uwar gwanki, an ayyana ta ƙare a daji a 2000. A 2016 aka fara sako waɗanda aka kiwata a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim na Cadi, yanzu suna haihuwa da kansu a can. Malam, in yaranka sun tambayi amfanin ƙirga waɗannan 'yan sanduna, ka ba su labarin mena.

Sadauki77 ya rubuta:

Na karɓi gyara Anti. Batun yak ɗin nan ne ya gamsar da ni, 60 da 60 amma namijin ba ya haihuwa. Me ya sa kullum namijin ne abin ke faɗa wa?

Anti Rabi ta rubuta:

Tsohuwar lura ce, wani masani Bature mai suna Holden ya rubuta ta tun 1922: in ɗaya daga cikin jinsin 'ya'yan gauraye zai kasa haihuwa, to mai kuromosom na jinsi iri biyu ne. A dabbobi masu shayarwa namiji ne, mai X da Y. Mace tana da X daga kowane ɓangare, in ɗaya bai dace da sauran gadon ba ɗayan ya rufa masa. Namiji X ɗaya gare shi, ba mai rufa masa. A tsuntsaye macen ce mai iri biyu, kuma ita abin ke faɗa wa. Saniya da baisin ma haka suke, 'ya'ya mata su haihu, mazan farko su kasa.

Ɗan Alkaleri ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Anti, Baba, da ɗan uwa na Damagaram. Jiya na yanka kara 58 tsayi daban-daban, na rubuta wa kowane biyu lamba ɗaya daga 1 zuwa 29, na ƙara biyu na jinsi da na shafa wa jan fenti. Zan raba yaran rukuni uku da zaren roba: masu akuya ba za su ɗaure komai ba, masu tunkiya su ɗaure 1 da 3, 2 da 8, 5 da 11, masu mazo kuma in bar su su gano da kansu dalilin da namiji ya gaza da ɗaya. Na kira kawuna na gaya masa mazo ya fi gwanki kusa da saniya, ya yi shiru, sannan ya ce sai na zo gida mun zauna.

Anti, in kina da hoton gilashin tunkiyar nan da manyan shidan suka fito, don Allah ki ɗora mana a nan kafin Litinin, in buga shi a takarda in liƙa a allo.